HOTON DA ZA MU ZANA A BANGON ƊAKIN ƘUNGIYA

(Jawabin da kwamitin gyaran ɗaki ya karanta a gaban babban taro. Mun buga shi duka saboda ƴan'uwanmu da ke Abijan da Nijeriya da Libiya, waɗanda ba su sami halarta ba.)



  

A taron da ya wuce an ɗora mana aiki guda, watau mu duba abin da za a yi da babban bangon ɗakin ƙungiya, wanda aka gama shafe shi da siminti, ya ke tsaye ba kome a jikinsa. Tsawonsa mita 8 ne, tsayinsa mita 2 da rabi, duk wanda ya shigo gari ta hanyar kasuwa kuwa shi ya ke fara gani. Kun tuna ran nan an tashi ba a daidaita ba. Waɗansu sun ce a kira mai zanen motoci daga Birnin Ƙonni ya zana fuskokin manyan gari da na waɗanda suka aiko da kuɗi mai tsoka, a rubuta sunan kowa a ƙarƙashi. Waɗansu sun ce kada a zana kome, kuɗin fenti gara a sayi hatsi da shi. Waɗansu kuma sun ce zanen mai rai bai halatta ba. Mun bi kowane kashi mun saurare shi. Shawarar da muka kawo muku yau ita ce a zana hoton, amma da hannunmu, ba fuska, ba suna, da wani irin salon zane da za mu bayyana muku yanzu. Muna roƙo ku yi haƙuri ku ji mu har ƙarshe kafin a ɗaga hannu.

Wannan salo a ƙasar Faransa ya fito. Turawa suna ce masa amfiresiyonis, mu kuwa da muka ga sunan ya yi wa bakinmu nauyi sai muka raɗa masa "zanen kallon farko". Dalilin sunan shi ne, mai zanen ba ya neman ya ƙidaya ganyen itace ko gashin gira. Abin da ido ya kama a kallon farko shi ya ke bi, watau haske da launi da inuwa, a daidai wannan sa'a, kafin rana ta gusa.

A zamanin da, a birnin Paris, akwai babban baje kolin hotuna na hukuma, da alƙalai masu zaɓen abin da za a nuna. Abin da su ke so shi ne hoton sarakuna da yaƙe-yaƙe da labarun mutanen da, a zana shi cikin ɗaki, a goge shi sumul har ba a ganin sawun burushi. To, sai ga waɗansu samari da suka ce su waje za su fita, su zana kogi da gona da kasuwa da talakawa a bakin aikinsu. Abin da ya sauƙaƙa musu fita kuwa wata ƙaramar dabara ce: a 1841 wani Ba'amurke ya ƙago zuba fenti cikin bututu mai laushi mai murfi, irin na man goge haƙora, ya zama mutum na iya sa fentinsa a jaka ya tafi daji da shi ba ya bushewa. Alƙalan nan suka riƙa mayar musu da hotunansu shekara da shekaru.

Da abin ya ishe su sai suka yi abin da mu ma muka yi, suka kafa ƙungiyar gama kai. Kowane ɗan ƙungiya yana biyan faran 60 a shekara. Ɗaya daga cikinsu, Kamil Pisaro, wanda ya fi kowa son zana manoma, shi ya kawo tsarin dokokin, ya kuwa kwaikwayo shi ne daga ƙungiyar masu gasa burodi ta garin Pontuwaz inda ya ke zaune. Ran 15 ga Afrilu 1874 suka buɗe nasu baje kolin a ɗakin wani mai ɗaukar hoto da a ke kira Nadar. Su wajen 30 ne. Akwai Kulod Mone da Renuwar da Dega da Sezan, akwai kuma mace, Bert Morizo, wadda ta tsaya da su har ƙarshe. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cikin hotunan da aka rataye akwai wani na Mone da ya zana a 1872, tashar jiragen ruwa ta garinsu da sassafe. Ba kome a ciki sai hazo mai shuɗi-shuɗi, da ƴan jirage kamar inuwa, da rana ja kamar an dangwala ta da yatsa. Wani ɗan jarida mai suna Luwi Lerwa ya gani ya yi musu ba'a a jarida, ya ɗauki kalmar da Mone ya sa wa hoton ya laƙaba musu ita don a yi dariya. Sunan ba'ar nan shi ya bi su, su kuma suka karɓe shi. Sun yi baje koli sau 8 daga 1874 zuwa 1886.

Wani zai ce, to, ina ruwanmu da hazon Turawa? Amsa ita ce mu muka fi su hazo. Ku tuna da safiyar hunturu sa'ad da ƙura ta sauka. Mutum ya fito masallaci ya dubi gabas, ga rana kamar faifai, ana iya kallonta ido da ido. Ga wata can tafe daga rijiya da tulu. Ba ka ganin idonta, ba ka ganin hancinta, amma ka san ko wace ce, daga tafiyarta da launin zanenta. Makiyayi yana gane sansa daga nesa cikin garke ba tare da ya ƙidaya ƙafafunsa ba. Wannan irin gani shi ne zanen kallon farko, kowa a nan ya iya shi tun yana yaro, sa shi a bango ne kaɗai ba mu taɓa yi ba.

Yadda su ke aikin kuwa shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Ba su dama launi ya zama ɗaya su shafe wuri da shi kamar mai fentin ƙofa. Dangwale su ke yi, ƙanana ƙanana, wannan kusa da wannan: ɗan rawaya nan, ɗan shuɗi nan, ɗan kore a tsakani. In ka matsa kusa har hancinka ya kusa taɓa hoton, ba ka ganin kome sai dabbare-dabbare, ka ce yaro ne ya yi ɓarna. In ka ja da baya taki goma sai idonka ya haɗa su da kansa, ga gona, ga ruwa, ga mutane. Masu ɗinkin hula da mata masu saƙar faifai da tabarma sun san wannan, don su ma zare zare su ke jerawa, sai an ɗaga daga nesa adon ke fita.

Da muka fahimci haka sai ɗayanmu ya ce, ashe tassa ce. Muka yi dariya, amma da muka sake tunani sai muka ga a nan hotonmu ya ke.

Yara da yawa a nan sun tashi sun tarar da tassa, suna tsammani haka ƙasar Illela ta ke tun fil azal. Ba haka ba ne, ga iyayenmu nan zaune, su ne shaida. Bayan farin 1973 da na 1984 tudunmu ya zama fako. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ya sauka ya gudu ya bar ta kamar ba a yi ba, ya je ya yanka kwazazzabai a gangare. Gidaje nawa aka rufe aka tafi? A 1989 aikin raya karkara na FIDA da ke nan Illela ya kwashi manoma 13 ya kai su Yatenga a ƙasar Burkina Faso. Can suka ga yadda mutane irin su Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa, suka gyara tsohuwar dabarar rami: a faɗaɗa shi, a zurfafa shi, a tara ƙasar da aka tono a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu tun da rani. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Da suka komo, kaɗan daga cikinsu suka gwada a ƴan filaye. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, aka ga gonakin da ke da tassa sun ba da hatsi, na kusa da su sun ƙone. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba, gani ya kori ji. Kafin shekara goma dubban hektoci na fako sun koma gona a wannan gunduma, har ya zama ana sayen fako da kuɗi, abin da a da ko kyauta aka ba mutum sai ya ce an raina shi. A Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka kafa lambuna inda a da guga ba ya taɓa ruwa sai da doguwar igiya.

Rami ɗaya faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Wanda ya tsaya a kansa ba ya ganin kome sai rami da kashin awaki. In an bar mita guda tsakanin rami da rami, hekta ɗaya tana cin rami 10,000. Sai ka hau tudu cikin watan Agusta ka duba ƙasa, sa'an nan za ka ga abin da aka yi. Ba kuwa mai iya nuna maka ramin da ya kawo koren, ko ya ce na wane ne ya ta da ruwan rijiya. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan shi ne labarin da mu ke so bangon ya ba da, kuma salon dangwale ya dace da shi kamar an auna.

Ga yadda muka tsara hoton. Za a karanta shi daga dama zuwa hagu, kamar allo. Fili ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, da tudu ɗaya a bayansa, amma lokaci yana sakewa. Wannan ma a wurin Mone muka ga dabararsa. Daga ƙarshen 1890 zuwa 1891 ya zauna a kan tarin dammunan alkama da ke bayan gidansa, waɗanda in kun ga hotonsu za ku rantse rumbunanmu ne, ya zana su sau wajen 25: da safe, da yamma, cikin sanyi, cikin hazo. Yakan jera ƙyallaye da yawa, in haske ya sake ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Tarin bai motsa ba, amma ba hoto biyu da suka zama ɗaya. A 2019 an sayar da guda daga cikinsu a birnin Niyok a kan dalar Amurka miliyan 110 da ɗoriya. Ba mu faɗi wannan don mu sa muku rai ba, namu bangon ba mai iya ɗaukarsa ya kai kasuwa.

A hannun dama fako ne da tsakar rani, rana tsaka, ja da fari da ruwan ƙasa, har ido ya ji zafi. Itace ɗaya ne a wurin, gawo, da ganyensa kore shar, don kun san halinsa, da rani ya ke ado. Gaba kaɗan bazara ce da hantsi, an fito gayya, maza da diga da hauya, mata da duwatsu a ka ana jera su a kan gangare, ƙura ta tashi rana ta ratsa ta. Sai damina da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, hatsi ya rufe mutum, gawon nan kuwa ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. A ƙarshen hagu kaka ce da safe, ga dammuna, ga rumbuna, can gefe ga rijiya da ɗan lambu, da albasa mai launin nan da ya kai sunan Galmi ƙasashe. Ba za a ja layi tsakanin kashi da kashi ba, launi ne zai riƙa narkewa cikin launi, kamar yadda rani ke shiga bazara ba a san ranar ba.

An kuma ce mana hoton ya nuna yadda mutum ke girma, ba gari kaɗai ba, don yaran lakwal da na makarantar allo su ne za su fi kallonsa. Mun daɗe a kan wannan. Abin da muka tsaya a kai shi ne mutum biyu da za a bi da ido tun daga dama har hagu, namiji mai shuɗiyar riga da mace mai zane ruwan goro. A fako yara ne, dangwale uku ko huɗu kawai, suna bin bayan manya da ɗan kwanon taki. A gayya sun zama saurayi da budurwa, shi da diga, ita da dutse. A damina kuwa, ku nemi mai shuɗiyar riga cikin gona ba za ku same shi ba. Yana can sama a bakin hoto, ɗan ƙarami, a kan hanya da jaka, ya tafi bakin teku bai komo shuka ba. Mai zane ruwan goro ita ce cikin hatsi, da goyo, tana noma.

Mun sani wannan wurin zai sosa wa waɗansu rai, har cikin kwamiti an yi gardama a kansa. Ba zargi ba ne. Kuɗin da ya sayi simintin bangon nan da kwanon rufinsa rabinsa daga masu tafiya ya zo, kowa ya sani. Amma in muka zana garinmu ba mu nuna shekarun da mata da tsofaffi suka riƙe gona su kaɗai ba, to, wani gari muka zana. Tafiya tana cikin girman ɗan Adar, zama da jiran mai tafiya kuma yana cikin girman ƴar Adar, sai a sa su duka biyu.

A kashi na ƙarshe ya komo. Magidanci ne, ya durƙusa yana nuna wa wani yaro ɗaurin dami, ita kuma tana bakin rijiya da ƴan mata kewaye da ita. A nan akwai wata dabara ta masu wannan zane da mu ke so mu yi aiki da ita. Sun lura launi ba ya tsayawa a jikin mai shi kaɗai, yakan faɗa a kan abin da ke kusa. Mai farar riga in ya zauna kusa da jan bango, rigarsa takan ɗauki ja. Saboda haka a kashin ƙarshe za a sa ɗigon shuɗi a rigar yaron da a ke koya wa ɗauri, a sa ɗigon ruwan goro a zannuwan ƴan matan. A farkon bango launinsu a jikinsu kaɗai ya ke, a ƙarshe ya bazu a jikin waɗansu. Girman da mu ke nufi ke nan, ba tsawo ko ƙiba ba.

Yanzu sai mu amsa wa kashi uku ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, da ladabi.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, mun je wurin uku daga cikinku. A kan gona da itace da sama da ruwa ba wanda ya ga laifi. A kan mutane bakinku bai zama ɗaya ba, amma biyu sun ce in babu fuska, babu ido, babu cikakkiyar sura, kuma ba a wurin salla ba ne, to, da sauƙi. Salon nan kuwa da ma haka ya ke, mutum a cikinsa ɗan tsayin launi ne kawai. Ɗakin ƙungiya ba a salla a cikinsa, bangon kuma ba ya fuskantar masallaci. Duk da haka magana tana hannunku da na taro. In aka ce a cire mutanen, za mu zana filin da gawon da rumbunan, sai dai hoton zai rasa rabin maganarsa.

Masu cewa a sayi hatsi, maganarku tana da nauyi, wanda ya ga 1984 ko 2005 ba ya wasa da tiya guda. Ga alkawarinmu: ba za a taɓa ko dala ta bankin hatsi ba, ba kuwa za a ci bashi ba. Ƙungiyar Turawan nan da muka ba ku labari, tun shekarar da ta yi baje kolinta na farko ba ta ƙare ba aka rushe ta saboda bashi ya fi abin da ke cikin asusu. Hotunansu sun yi kyau, lissafinsu bai yi ba. Mu launinsu za mu ara, ba lissafinsu ba. Abin da a ke bukata gwangwani biyar ne na fenti da ƴan burushi, samari sun ce za su biya daga kuɗin aikin gayyar da suka yi bana. Ba ladan mai zane, tun da mu ne masu zanen. Ma'aji zai karanta abin da aka kashe a taro mai zuwa, da takardun kanti a hannunsa.

Masu son a zana fuskoki, mun gane nufinku, so ku ke a girmama wanda ya yi ƙoƙari. Sunan duk wanda ya ba da wani abu yana cikin littafin ƙungiya, za a kuma buga shi a wannan takarda tamu. Amma ku duba abin da fuska a bango za ta jawo. Wa za a sa a tsakiya, wa za a sa a gefe? Fuskar wa za ta fi girma? Wanda ya aiko da jika hamsin za a zana, a bar tsohuwar da ta kwana bakwai tana kawo ruwan kwaɓa? In bana wane ya fi bayarwa, baɗi wani ya fi shi, sai a kankare a sake? Wanda ke son hoton fuskarsa, ga salula a aljihun kowane yaro, ta fi kowane mai zane iya kama kama. Abin da salula ba ta iyawa shi ne ta sa shekara talatin cikin bango ɗaya.

Ba sai mun je Faransa neman misali ba. Ga Yama nan kusa da mu, a ƙasar Badagishiri. A 1962 mutanen garin suka tashi gina masallacin Juma'a, Alhaji Falke Barmu ya ja aikin, shi kuwa manomi ne kuma magini. Kowane gida ya kawo abin da ya ke iyawa, masu tubali, masu ruwa, masu itace. Daga baya suka sake rufin suka yi masa ƙubba, suka ta da hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 aka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Yama ya shiga duniya. Je ka duba ginin, sawun hannuwan masu yaɓe kaɗai za ka gani.

Saura yadda za a yi aikin. Simintin ya riga ya wuce mako huɗu, ya sha iska, don sabon siminti yana cin fenti. Bangon yana duban arewa, yana kuma ƙarƙashin rumfa, saboda haka ruwan da ke bugowa daga gabas ba zai same shi ba, rana ma ba za ta kashe launin da wuri ba. Fentin ruwa za mu saya, ba na mai ba, don yana bushewa da sauri, ana kuma wanke hannu da burushi da ruwa kawai. Za a fara shafe bangon da fari sau biyu. Sa'an nan mushen lakwal da ɗalibansa biyu da suka iya zane za su fitar da tudu da gawo da hanya da gawayi, sama-sama.

Launi biyar ne: fari, ja, rawaya, shuɗi, kore. Kun ji ba mu ambaci baƙi ba. Masu wannan salo yawancinsu sun guje shi, don sun ce inuwa ba baƙa ba ce. Mu ma da muka ji haka ba mu yarda ba sai da muka fita da la'asar muka dubi inuwar rumbu a kan jar ƙasa. Ku gwada gobe, ku ɗan runtse ido. Za ku ga tana da shuɗi-shuɗi da launin bawon albasa. Wanda ya sa baƙi a inuwa ya huda rami a hoto. Haka kuma hatsi ba kore ɗaya ba ne, akwai rawaya a inda rana ta taɓa, akwai shuɗi a ƙarƙashin ganye.

Kafin a taɓa bango za a yi mako biyu ana gwaji a kan takardun buhun siminti na Malbaza da suka rage, mun adana su. Don gwaji ba sai an ɓata fenti ba, jar ƙasa da farar ƙasa da shunin wanki, a dama da ruwan ƙaro, sun isa. Wanda bai sami burushi ba ya tauna bakin asuwaki ya yi laushi, dangwalensa ma ya fi kyau. Doka uku ce kawai. Kada ka goga launinka cikin na maƙwabcinka, sa shi kusa da nasa ka bar shi. Kada dangwale ya fi babban yatsa biyu girma. Kuma kowane lokaci mutum ɗaya zai tsaya taki goma daga bango yana faɗin inda ya yi duhu da inda ya yi haske, don mai dangwale ba ya ganin abin da ya ke yi. Wannan tsayuwa za a riƙa karɓa-karɓa, kada ta zama sarauta.

Muna so kowane gida ya aiko da mutum, ko da dangwale goma zai yi ya tafi. Yara su ɗauki ƙasan bango, dogaye su hau benci. Iyayenmu mata, kun ji Bert Morizo, kashin damina naku ne tun daga sama har ƙasa, ku kuka san launinsa. Dattawan da suka haƙa tassar farko a garin nan, waɗanda Allah ya bar mana, su mu ke roƙo su sa dangwalen farko a kan fako. Ƴan'uwa da ke waje, za a bar muku hanyar nan ta sama ba a cika ta ba, duk wanda ya zo gida ya sa nasa.

In taro ya yarda, za a fara gwaji bayan an gama ɗaurin hatsi, kafin samari su watse, kowace safiya daga hantsi zuwa kafin azahar, ban da Juma'a da ranar kasuwa. Muna tsammani mako uku zai isa bangon kansa. Abu biyu mu ke roƙo shugaba ya sa a ɗaga hannu a kansu, dabam dabam: na ɗaya, ko a yi hoton, na biyu, ko a sa mutane marasa fuska a cikinsa. Magatakarda yana da ƙaramin gwajin da muka yi a takarda, za a ɗaga shi daga can bakin ƙofa, muna roƙo kowa ya dube shi daga inda ya ke zaune, kada a taso.